Lifidin Ƙarfe a Rairayin Damargu

A ƙarshen kakar bara, sa'ad da aka gama yankan gero aka shiga jidar damma zuwa rumbuna, ina kan hanyata ta komawa Falanko daga Tanut, sai motar da ta ɗauko mu ta tsaya facin taya a bakin wata rumfar masu walda, ni kuwa na sauka don in miƙe ƙafa. A nan na tarar da wata tsohuwar motar soja, irin mai ƙafa shidan nan da akan sayar a gwanjo bayan ta gama hidimarta, an ɗage gefenta guda da jak ɗaya tak, jak ɗin yana zaune a kan wani dutse da faɗinsa bai kai na faifai ba, dutsen kuma yana kan rairayi. A ƙarƙashinta yara biyu ne kwance rigingine suna fama da noti, babban cikinsu da ƙyar in ya yi azumi uku, a jikinta kuma an jingine wani fallen ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa, a tsaye, ba abin da ya tare shi sai ikon Allah. Na yi wa mai rumfar sallama, muka gaisa, na ce, "Maigida, wannan aiki fa?" Ya ce, "Malam, sulke Alhaji yake so a yi mata, don yana kai hatsi arewa, hanya kuwa ka san halinta." Na ce, "To, wannan falle kilo nawa ne?" Ya yi dariya, ya ce shi dai bai auna ba, amma ƙarti shida suka sauko da shi daga amalanke, har ɗayansu ya yi targaɗe.

Ba zan ce tsoron Alhaji ba shi da asali ba, domin duk wanda ya girma a Damargu ya san cewa ƙasar nan, tun zamanin da ayarin Tarabulus ke ratsa ta zuwa Kano, rumbu ce ga mutanen Abzin, kuma hanyar da hatsi ke bi zuwa arewa ba ta taɓa rabuwa da masu tare ta ba. Dattawanmu suna tune da tawayen da ya fara a 1990 har aka yi sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, suna tune da na 2007 zuwa 2009, lokacin da motoci ba su bin hanyar Agadas sai da rakiyar soja, aka kuma riƙa binne nakiyoyi, har a ranar 21 ga Janairu 2008 aka faɗa wa garin Tanut kansa, aka kashe mutane, aka tafi da shugaban gundumar. Kuma neman kariya bai saɓa wa tawakkali ba ko kaɗan, don Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin cewa Allah Ya tausasa wa Annabi Dawuda, alaihis salamu, baƙin ƙarfe, Ya sanar da shi sana'ar sulke, Manzon Allah kuma, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya haɗa sulke biyu a jikinsa ranar Uhudu. Sai dai mai karatu ya lura da abu biyu a cikin waɗannan ƙissoshi, waɗanda galibi masu kafa hujja da su sukan tsallake. Na farko, umarnin da aka yi wa Annabi Dawuda a Suratu Saba'i ya haɗa da ƙaddara saƙar, wato auna ta, har malaman tafsiri suka bayyana cewa kada ƙusa ta yi sirantar da za ta yi lako-lako a cikin zobe, kada kuma ta yi kaurin da za ta fasa shi. Na biyu, Tirmizi ya ruwaito cewa a ranar Uhudu nauyin sulken nan biyu ya hana Manzon Allah hawa wani dutse, sai da Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya durƙusa ya taka shi ya hau. Ashe tun a can an san cewa sulke yana tafe da awo, kuma yana tafe da nauyin da wani zai ɗauka.

Kakanninmu ma sun sani. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma tun daga nan sarakunan Hausa da na Barno da na Damagaram suka riƙe 'yan lifida a gaban runduna. Amma ba su taɓa ɗora lifidi a kan kowace irin ƙuru ba, sai ingarman da aka zaɓa aka ciyar, kuma ba su sa wa dukan dawakinsu, domin wanda ya sa lifidi ya yi bankwana da sukuwa. Baturen nan Kilafatan, da ya halarci yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya a 1826, ya ga 'yan lifidan da sai an cicciɓa su kafin su hau, ya kuma ga ɗayansu harsashin bindiga ɗaya ya ratsa lifidinsa ya kayar da shi. Rigar da aka ɗinka domin kibiya ta gamu da albarushi, ta bar mai ita da nauyi kawai. Abin da nake tsoro ke nan ga motar Alhaji.

Bari mu yi lissafin da mai rumfa bai yi ba, lissafin da ɗan makarantar firamare ma zai iya. Fallen baƙin ƙarfe mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, idan kaurinsa milimita 10 ne, nauyinsa kilo 78 ne da rabi. Cikakken fallen kasuwa mai ƙafa 4 da ƙafa 8 kuwa ya tasam ma kilo 234, wato buhun gero biyu da tiya goma sha wani abu. Idan aka ce kan motar kaɗai za a rufe, ƙofofi da gaba da baya da gefen inji, da wuya a tsaya ƙasa da murabba'in mita 10, ga kilo 785 ke nan, kusan buhu 8, dukansu kuma a kan ƙafafun gaba, waɗanda tun asali su ke ɗauke da inji. Idan aka bi bodi aka rufe, sai a doshi tan 2. To, ɗauki misalin Berliet GBC 8 KT, wadda sojan Faransa suka yi shekaru suna aiki da ita, 'yar'uwar motoci 9 ɗin nan da suka ratsa Tenere daga Janet zuwa Njamena ta yau a ƙarshen 1959: ita kanta ta haura tan 8, kayan da aka yanka mata kuwa tan 4 ne. Wanda ya ɗora mata tan 2 na ƙarfe ya cinye rabin ƙarfinta tun bai ɗora tiya ɗaya ta gero ba, mun kuma san ɗabi'ar fatakenmu, ba za su rage buhu ko ɗaya ba, bal ma za su ƙara fasinja a bisa. Sifirin ne zai fara kuka, sa'an nan birki, sa'an nan taya. Kuma da yake ƙarfen a sama aka kafa shi, motar za ta zama kamar raƙumin da aka tula wa kaya a kan tozo ba tare da an daidaita ɓangarorin ba, wanda kowane madugu ya san inda zai ƙare idan aka zo gangare.

Da a ce wannan nauyi yana sayen tsira, da mun ce kowace riba da kuɗinta. Amma ƙarfen da ake sayarwa a kasuwar Damagaram ko ta Kano domin ƙofar shago da tankin ruwa ƙarfe ne mai laushi, taurinsa a ma'aunin Brinell bai cika wuce 160 ba, alhali ƙarfen sulke na haƙiƙa, wanda ake toyawa a kashe shi da hikima a masana'anta, yakan kai 500. Harsashin kalash yana huda milimita 6 na ƙarfen kasuwa ba tare da wata gardama ba, idan kuma ya huda, ba shi kaɗai yake shiga ba, yakan tafi da ɓarɓashin ƙarfen ya watsa wa waɗanda ke ciki, har raunin ya fi wanda za a samu da ƙofar gwangwani ce. Ko da Alhaji ya samo ƙarfen sulke na gaske, wutar walda tana kashe taurinsa a daidai inda aka ɗinke, sai wanda ya san irin sandar da ta dace da irin zafin da ya dace. Ga gilashin gaba, wanda mai tare harsashin bindigar yaƙi kaurinsa yakan kai santimita 4. Ga taya, ga lagireto, ga tankin mai, waɗanda ɗan fashi ya fi kowa sanin cewa su ne jijiyar mota. Nakiya kuwa ba ta jin kunyar falle shimfiɗaɗɗe, shi ya sa tun shekarun 1970 injiniyoyin Afirka ta Kudu suka koma ƙera cikin mota kamar ƙirjin kwalekwale don ƙarfin fashewa ya zame ta gefe, kuma wannan ƙira ce ta tun farko, ba a liƙa ta daga baya.

Manyan dauloli sun gwada wannan hanya kafin mu. A watan Disamba 2004, a wani sansani a Kuwait, wani ƙaramin sojan Amurka ya tashi a bainar jama'a ya tambayi sakataren tsaronsu, Donald Rumsfeld, dalilin da ya sa suke tonon juji suna tsintar ruɓaɓɓen ƙarfe don liƙa wa motocinsu kafin su shiga Iraƙi. Da aka zo aka loda wa motocin sulke, sai ga sifirin yana karyewa, motoci suna kifewa da mutane, har ala tilas gwamnatinsu ta sayi wasu da aka ƙera musamman. Maƙwabtanmu na Cadi kuwa darasin da suka bayar ya fi kusa da mu, domin a rairayi aka yi shi: a Fada ranar 2 ga Janairu 1987, da Wadi Dum a watan Maris na shekarar, mayaƙan Hasan Jamus a cikin ƙananan Toyota marasa sulke suka tarwatsa rundunar Libiya mai tankoki, da sauri da sanin ƙasa. Motar da ta kafe a rairayi ta riga ta zama ganima, ko da kaurin ƙarfenta ya kai na ƙofar birni. Ban ma taɓo maganar shingen jandarma ba, da abin da sojan da ya hango gingimari mai liƙe-liƙen ƙarfe daga nesa zai zata, a wannan zamani da 'yan ta'adda suka shahara da irin wannan ƙira. A Nijeriya ma, mai son shigo da mota mai sulke sai ya nemi takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Duk wannan kuwa, in an bi ta ɓarawo an bi ta mabi sawu, hasarar dukiya ce ta mutum baligi da ya zaɓar wa kansa, ni kuwa abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yaran nan biyu. Ɗan fashin da Alhaji ke tsoro la'alla ya zo, la'alla kada ya zo har motar ta tsufa ta mutu. Amma tan 8 da ke rataye a kan ƙirjin yaro, bisa jak guda da dutse guda, halaka ce hazira wadda ba ta buƙatar kowa ya zo daga daji. Jak, wanda wasu a nan suke kira kirik, an yi shi ne domin ɗagawa, ba a yi shi domin riƙewa ba: mai ne a cikinsa, robar da ke tare man kuwa takan tsufa ta yi yoyo, sai ya riƙa sauka a hankali ba wanda ya lura, ko ya saki gaba ɗaya. Gindinsa bai fi tafin hannu biyu ba, rairayi kuma ba ya tsayawa a ƙarƙashin nauyi, gudu yake yi ta gefen da ya fi sauƙi, jak ya karkata, kansa ya zame daga ƙarfe, kafin a ce innalillahi an gama. Wajibi ne a sauke kaya tukuna, a nemi fako ko daɓe, in babu a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi. A sa weji gaba da baya a ƙafafun da suka rage a ƙasa, domin birkin hannu a yawancin tsofaffin motocin nan sandar giya yake kamawa, da zarar ƙafar baya ɗaya ta bar ƙasa sai ya zama kamar babu shi. A kafa jak a ƙarƙashin aksul ko inda shasi ya fi ƙarfi. Sa'an nan, kafin kan kowa ya shiga, a jera guma-guman itace mai tauri irin na aduwa, biyu a tsaye biyu a gicciye, ana bin motar da su tana tashi, har a sauke nauyinta a kansu, a girgiza ta da ƙarfi a ga ba ta motsa ba. Bulon siminti ba ya cikin wannan lissafi, domin itace yakan yi ƙara ya yi gargaɗi kafin ya gaza, bulo kuwa farat ɗaya yake rugujewa. Na san itace ya yi tsada a Damargu, har mata na dafa tuwo da kara da kashin shanu, amma gungume takwas sau ɗaya ake sayensu, su yi shekara goma suna aiki.

Ɗaga fallen kansa wani babi ne, kuma abin mamaki shi ne ilminsa yana nan a ƙauyukanmu, a gareji ne kawai aka yar da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa halartar ɗora jinka ya san cewa yawan hannu ba ya wadatarwa sai da baki ɗaya mai ba da umarni, wanda in ya ce a ɗaga a ɗaga, in ya ce a tsaya a tsaya. Kilo 234 a hannun ƙarti shida, idan ɗaya ya yi tuntuɓe, kasonsa a kan 'yan'uwansa yake faɗawa, gefen ƙarfen kuma ya sauka a kan ƙafa kamar gatari. A rijiyoyinmu masu zurfi, waɗanda sai da raƙumi ko sa ake jan guga, ba makiyayin da zai saki guga bai shafa igiya ya duba inda ta ci ba, bai jijjiga gwafa ya ga ta kafu ba. Haka ya kamata a yi wa falle: a kafa ƙarafa uku masu ƙarfi a haɗa kansu, a ɗaure ƙafafunsu da sarƙa don kada su baje, a rataya kurar sarƙa wadda aka rubuta ƙarfinta a jikinta, a huda fallen ko a yi masa kunne da cikakkiyar walda, a ɗaura masa doguwar igiya da za a riƙa juya shi daga nesa, kada kowa ya tsaya a inda zai faɗi. Akwai kuma wani sirri na sarƙa da galibin masu sana'a ba su sani ba, wato gwargwadon buɗewar sarƙoƙi biyu da ke riƙe da kaya, gwargwadon ƙaruwar abin da kowace ke ja, har idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ɗaya tana ɗauke da nauyin kayan dukansa, mai aiki kuwa yana zaton ya raba musu biyu. Ba a sakin sarƙa don an yi ɗigon walda huɗu, sai an gama ɗaure noti. Ba a yin walda ko huji a leɓen shasi, don daga nan tsagewa ke farawa. A cire batir, a nisanta wuta daga tankin mai. Idan kuma aka zo cire taya irin mai zoben nan na motocin soja, a sace iskarta tukuna, don zoben in ya ɓalle ba ya barin wanda ke gabansa.

Mas'alar tana da fuska ta shari'a, wadda na bar wa malamanmu su warware, amma ba zan ƙi ambatonta ba. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta lamuntar da masu sana'a kayan mutane da suka salwanta a hannunsu, saboda maslahar jama'a; to, idan an tsananta haka a kan tufar da aka kai wa marini, ina ga ɗan mutum da uwayensa suka damƙa wa maigida amana don ya koyi abin da zai ci abinci? Kisan kuskure yana da diyya ta raƙuma 100, yana da kaffara ta azumin wata biyu a jere. Mu kuwa mun saba, idan mota ta danne yaro, sai a ce kwanansa ne ya ƙare, a yi sadakar uku, a koma aiki da jak ɗin nan a kan dutsen nan. Ajali gaskiya ne, ba mai musunsa sai wanda imaninsa ya raunana, amma ƙaddara ba ta taɓa ɗauke wa mai sakaci alhakin sakacinsa ba, in ba haka ba da ba a shar'anta diyya ba tun farko.

Ra'ayina dai shi ne, tsaron hanyar Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas aikin hukuma ne, kuma abin da ya fi amfanar falke shi ne tafiya cikin ayari, da rana, da mota mai lafiyar inji da taya, wadda ba a loda mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Kuɗin falle goma ya fi kyau a kan sifirin da birki. Ina kuma roƙon mahukuntan Falanko da takwarorinsu na Tanut da Gangara da Olelewa da Tarka, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da makanikai, su sa ido a kan rumfunan da ake ɗaga manyan motoci, su mai da guma-gumai da weji sharaɗi ga duk mai son ya karɓi yaran mutane.

Ranar nan dai ban bar wurin ba sai da na roƙi mai rumfar, don girman Allah, ya fito da yaran, muka mirgino wani turmi da ya tsage da gungumen aduwa biyu daga bayan gidan maƙwabcinsa muka cusa a ƙarƙashin shasi. Ya yi mini alfarmar furfura, ko da yake na ga alama yana ganin na cika tsoro. Bayan mako uku na sake bin hanyar, na tarar da motar tana nan, an gama ƙofar direba, ta rinjayi hinjinta har sai mutum biyu sun ɗaga ta kafin ta rufu, Alhaji kuma ya aiko a dakata da sauran. Gungumen aduwan suna nan a ƙarƙashinta, an ma ƙara biyu.